Wai babu mata a cikin takardarmu

Sani Mirya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara, raina a ɓace yake. Ƙungiyarmu ta rubuta takardar neman taimako zuwa ga wani furoje, muna son rijiya da famfon sola don garka a wani ƙauye gabas da Mirya. Wata uku muna jira. Jiya aka dawo mana da ita, wai ba mu yi la'akari da "janar" ba, wato maganar jinsi, yadda aikin zai shafi mata da maza. Alhali mun rubuta baro-baro cewa cikin mutum 60 da za su amfana, 30 mata ne. Rabi da rabi. To me kuma ake so? Mu kori mazan ne gaba ɗaya?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam. Ni ranar da na fara jin kalmar nan a rediyo na ɗauka wani babban soja ne zai sauka Damagaram. Ashe janar ɗin ba ya da bindiga, amma shi ke tsare ƙofar kuɗi.

Ibro:
Baba Malam ka gama magana. Sani, ka mai da 30 ɗin 50, ka haɗa da hoton mata riƙe da buta. Gobe za a kira ka.

Zainabu Yamai:
Ibro, abin haushin shi ne wani lokaci dabarar taka tana ci. Amma Yaya Sani, bari in gaya maka abin da wanda ya karanta takardarka yake nema, don irin aikin da nake ci da shi kenan shekara tara.

Da can, masu ba da taimako suna yin babban aikinsu ne da maza, hanya, madatsar ruwa, taki, sai a ware ɗan canji a gefe a ce na mata ne, keken ɗinki da koyon sabulu. A babban taron mata na Beijin a 1995 aka ce wannan bai isa ba, kowane aiki, ko na gada ne, a tambaya tun kafin a fara yadda zai shafi mace da yadda zai shafi namiji. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zayyana ma'anar abin a 1997. Daga baya ƙasashe masu arziki na ƙungiyar OCDE suka ɗauki wani ma'auni da suke sa wa kowane furoje: 0 idan bai taɓo maganar ba, 1 idan tana cikin manufofinsa, 2 idan ita ce babbar manufar. Tarayyar Turai ta ɗaukar wa kanta alkawari a ƙarshen 2020 cewa zuwa 2025 kashi 85 cikin ɗari na sababbin ayyukanta su samu 1 ko 2. Ka ga wanda ya dawo maka da takarda shi ma yana da na samansa, kuma ba ya son ya aika da 0.

Ƙidayar kawuna ba ta ba da maki. Ga tambayoyin da yake son ya ga amsarsu. Filin na wane ne? Makullin famfo a hannun wa zai zauna? Ƙarfe nawa za a riƙa sakin ruwa? In an sayar da albasa, wa zai ƙirga kuɗin?

Sani Mirya:
Filin ai mai gari ya ce an ba mu.

Zainabu Yamai:
An ba ku, ko an ara muku?

Hajiya Rabi Magarya:
Sani ɗana, tsaya nan, kada ka wuce tambayar yarinyar nan. 'Yata ce ke rubuta mini, ni faɗa nake yi. Shekarun baya wani furoje ya zo garinmu, ba zan kama suna ba. Aka nuna mana wani fako bayan gari, ƙasa kamar dutse, ko akuya ba ta tsayawa a wurin. Aka ce an ba mata. Mu arba'in da 'yan kai muka shiga da diga da shebur muna haƙa ramukan nan masu kama da rabin wata. Wallahi akwai wadda ta haƙa da goyo a baya, tafin hannunta ya fashe, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Takin ma a ka muka ɗauko, kwano-kwano, daga garken awakinmu. Damina ta farko ciyawa ta fito. Ta biyu muka samu wake da yakuwa. Ta uku, gero ya yi tsayin mutum, 'yan gawo sun fara tasowa.

A shekarar nan furoje ya ƙare, motarsu ta daina zuwa. Ba a yi wata biyu ba mai fili ya zo da 'ya'yansa, ya yi mana godiya, har da addu'a, ya ce yanzu yana bukatar gonar ubansa. Muka je gun mai gari, ya ce ina takarda? Babu. Hotonmu dai yana can cikin littafinsu, na gan shi da idona, muna dariya riƙe da diga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ce mai filin ya yi sata ba, nasa ne. Waɗanda suka zo da ilimi da mota su ne ba su tambaya ba, mu kuma kunya ta hana mu.

Zainabu Yamai:
Allah ya saka muku, Inna. Kuma abin takaici, hanyar tana nan. Daga dokar karkara ta 1993 aka samo kwamitocin filaye, waɗanda muke ce wa kofo, daga ƙauye har departama. Suna rubuta takardar kyauta, ta saye, ta aro da adadin shekarunta. Da an rubuta aro na shekara goma sha biyar da sunan ƙungiyar mata, da maganar ta canza. A cikin rahoton wancan furoje na tabbata an rubuta cewa mata sun samu fili.

Malam Habu:
Hajiya, abin da aka yi muku bai yi daɗi ba, kuma ba sai Bature ya faɗa mana ba. Musulunci ya ba mace gado tun ana binne 'ya'ya mata da rai a wasu wurare. Abin da ta mallaka nata ne, miji ba ya da iko a kansa. Mu ne muka lalace. Uba ya rasu, 'yan'uwa maza su ce gona ba ta rabuwa, su ba ƙanwarsu 'yan jikkuna ko tunkiya su ce ta yafe. Na sha zama a irin wannan rabo, na sha faɗa a kai.

Amma ni tsorona daban ne. Kalmar nan buhu ce, ba ka san abin da aka zuba a ƙasanta ba. Sama-sama rijiya ce da makaranta, can ciki kuma maganar shekarun aure, tsarin iyali, rabon gado daidai wa daida. Ba banza ba Nijar ta sa sharuɗɗa lokacin da ta shiga yarjejeniyar hana nuna wa mata bambanci a 1999. Ba banza ba 'yan majalisarmu suka ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka a 2006. Kowa ya ci ladan kuturu, ya san abin da zai biyo baya.

Ibro:
Ni ba ruwana da Maputo. Ni dai na san a Garin Malam an zo rubuta sunaye sau uku, ɗinki, kitso, sarrafa gyaɗa, duka 'yan mata. Mu da muke zaune a fada daga safe har dare ba wanda ya tambaye mu sunanmu. Sai an yi rikici a ce 'yan pale, 'yan dabar gari, sun fito. Ƙanwata ta samu keke, na yi mata murna, amma ni da ake jira in kawo sadaki in ciyar da gida, babur ɗin haya nake ja, na wani.

Madam Hadiza:
Ibro ƙanena, kukanka yana kan hanya, kuma duk furojen da ya manta da ku bai fahimci aikinsa ba. Kalmar ba mata kaɗai take nufi ba, tsakanin mata da maza take nufi.

Ni ungozoma ce, kuma ina so in tuna wa zaure cewa abu mafi kyau da aka yi a wannan fanni a nan jihar Damagaram aka fara shi. Makarantar mazaje, wadda asusun UNFPA na Majalisar Ɗinkin Duniya ya tallafa tun wajen 2008. An yi shekaru ana tara mata ana yi musu bayanin awon ciki, suna gyaɗa kai, ba sa zuwa. Da aka bincika sai aka tarar ba su ke yanke shawara ba, izini da kuɗin amalanke a hannun maigida suke. Sai aka nemi magidanta masu mutunci, waɗanda matansu ke zuwa likita, su riƙa zama da junansu suna jawo hankalin sauran maza. Daga nan abin ya bazu zuwa sauran jihohi, har ƙasashe maƙwabta suka zo koyo.

Na yi aiki a wani ƙauye da ke da irin wannan makaranta. Wata rana tsakar dare aka buga mini ƙofa, dattijo ne da fitila, ya turo amalanke da kansa don sa ya ƙi tashi, matar maƙwabcinsa ce ke naƙuda, mijin yana Libiya. Da can da sai dai a jira gari ya waye a nemi izinin wan miji. Malam Habu, a cikin waɗannan mazaje har da limamai.

Malam Habu:
Wannan na sani, Madam, kuma ban ƙi shi ba. An bi ta ƙofa, an yi sallama. Wanda ke tsallako katanga shi nake magana.

Madam Hadiza:
To amma Malam, maganar shekarun aure da ka sa a cikin buhu, ni ba a takarda nake ganinta ba, a kan gadon haihuwa nake ganinta. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na 'yan matanmu ana aurar da su kafin 18, kashi 28 kafin 15. Wadda ƙugunta bai gama girma ba, in ta kwana biyu tana naƙuda, ko ɗan ya tafi ko ta samu yoyon fitsari. Ko duk Turawan duniya sun kwashe kayansu gobe, yarinyar tana nan a ɗakina.

Malam Habu:
Allah ya sawwaƙe. Wannan magana ce ta uba da malami da likita su zauna. Ba ta sharaɗin rijiya ba ce.

Mushe Laminu Gure:
Na daɗe ina karantawa. Ni dai na yarda da tambayoyin Zainabu, ban yarda da masu tambayar ba. Na halarci tarurrukan horo a kan wannan batu ya fi sau shida. Otel, lemo, kuɗin zama, hoto a bakin ƙofa, a ce mata su dawo gaba. Kuma fuskokin nan dai su ne, matar wane da ƙanwar wane, sun haddace kalmomin kamar karatun allo. Matar da ke layin famfo tun asuba da bido shida ba ta taɓa shiga zauren ba, don ƙarfe tara ake farawa, ita kuma lokacin ruwa bai zo kanta ba. Duk wanda ya zauna a Zinder watan Afrilu ya san wa ke biyan kuɗin ƙarancin ruwan garin nan da barcinsa.

Sannan manufar tasu ba ta da tushe a nan, iskar zaɓensu ke kaɗa ta. Suwidin ta yi shelar siyasar waje mai fifita mata a 2014, duniya ta yi ta tafi, sabuwar gwamnati ta zo a 2022 ta ajiye ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Faransa da Tarayyar Turai suka dakatar da taimakonsu ga gwamnati, ba wanda ya tsaya ya auna yadda hakan zai shafi mace da namiji, alhali su suka koya mana tambayar. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta ba da taimako, USAID, ɗungurungum. Zanen aro ba ya rufe katara.

Zainabu Yamai:
Mushe, ba zan musa ba, har ma in ƙara maka. Maki 1 ɗin nan yana da arha. Ni da hannuna na taɓa zama da dare, saura kwana ɗaya a rufe karɓar takardu, na cusa sakin layi uku na "mata da matasa" a cikin furojen da injiniyoyi suka gama zanawa tun da daɗewa. Ya wuce. Ban yi barci mai daɗi ba, amma albashi ya shigo. Da aka ce maganar ta zama aikin kowa, a wurare da yawa sai ta zama ba aikin kowa ba, aka bar ta ga yarinya ɗaya a ofis marar kasafi marar mota. Shi ya sa Kanada, da ta fito da tata manufar a 2017, ta raba biyu, ta ce kashi 95 na taimakonta ya taɓo maganar, amma kashi 15 ya zama ita ce ainihin aikin. Sun san in ba a ware ba, narkewa take kamar gishiri a randa.

Akwai kuma wata illa da ba a cika faɗa ba. Don a cika adadi sai a tura mata aikin haƙa a biya su, ba a rage musu daka da itace da ruwa ba. An ƙara mata aiki, an rubuta an ƙarfafa ta.

Inda na rabu da kai shi ne cewa duk aro ne. Dokar kason mata ta 2000 majalisarmu ce ta yi ta, kashi 10 a kujerun zaɓe da 25 a naɗe-naɗe, aka ɗaga a 2014, a 2019 ta kai 25 da 30. Makarantar kwana ta 'yan mata da aka buɗe a Kelle, can wajenku, tunanin 'yan ƙasa ne.

Mushe Laminu Gure:
Wannan gaskiya ne, kuma ta taɓo ainihin ciwon. Yarinyar ƙauye tana cin jarrabawa, kwaleji yana nisan kilomita talatin, uba ba ya da wanda zai ba amanarta a gari, sai ya zaɓi aure. Ba ƙin boko ba ne kullum.

Bari in ba ku wata 'yar ƙarama, tunda an ce a yi adalci. An gina mana makewayi a wata lakwal da na koyar, sabo fil, siminti da fenti. Ƙofofin ɓangaren 'yan mata suna kallon filin ƙwallo. Wata shida ba yarinyar da ta shiga. Manyan cikinsu sukan koma gida da hantsi, wasu kwanaki na wata ba sa zuwa sam. Wata malama ce ta lura, muka sayi zana biyu muka kare. Jika uku. Da magini ya tambayi yarinya ɗaya kafin ya aza bulo, da ko dala ba a ƙara ba. In wannan ne janar, ina ciki.

Ibro:
Mushe ya sauko.

Mushe Laminu Gure:
Ban sauko ba. Zana na yarda da ita, otel ne ban yarda da shi ba.

Hajiya Rabi Magarya:
Ku bar ni in ƙara ɗaya in tafi salla. Duk furojen da suka wuce ta garinmu, abu ɗaya ne ya rage da rai, asusun Mata Masu Dubara. A Maradi aka fara shi a 1991 tare da ƙungiyar agaji ta CARE, daga adashen iyayenmu aka ɗauko shi aka gyara, yau har ƙasashen da ban san sunansu ba suna yi. Me ya sa bai mutu ba? Ba a kawo mana ko dala ba. Akwati ne da kwaɗo uku, makullai a hannun mata uku, kuɗin namu ne, kowane mako kowa ta zuba abin da aka yanka. Da kuɗin akwatin nan muka sayi wani ɗan fili bayan wancan abin da ya same mu. Ƙarami ne, bai kai rabin wancan ba. Amma takardarsa tana ƙasan adakata, a cikin leda biyu.

Sani Mirya:
Jama'a kwana uku kun ji ni shiru, ƙauyen na koma. Zan faɗi gaskiya ko da ta ba ni kunya.

Filin na ƙanen mai gari ne, kuma a bakinsa aro ne "har Allah ya yi ikonsa". Sunayen mata 30 da na rubuta, mazansu ne suka ba ni a gindin bishiya. Da na sa matata ta tara su bayan la'asar, ni ina waje, goma sha ɗaya ba su ma san an rubuta su ba. Ɗaya ta yi wata biyar a Agadas.

Sannan abin da suka ce ya bambanta da abin da muka rubuta. Mu albasa da kabeji muka sa, don kasuwar Dole. Su suka ce albasa kuɗinta a dunƙule yake zuwa, kuma namiji ke kai ta kasuwa. Sun fi son zogale da yakuwa da 'yan kuka, abin da ake tsinka kaɗan-kaɗan a sa a tukunya, a sayar da saura ranar Lahadi a Mirya. Na manta ma cewa a yankinmu kuka dukiyar mata ce tun kakanni. Suka ce kuma a fitar da kan famfo ɗaya waje da shingen garka don ruwan sha, in ba haka ba za su shayar da kabeji su kuma taka zuwa tsohuwar rijiya don tulun gida. Wannan ko a mafarki bai zo mini ba.

Zainabu Yamai:
Yaya Sani, abin da ka rubuto yanzu shi ne takardar. Ka sa shi yadda yake, har da goma sha ɗayan. Ka turo mini in gyara Faransancin kawai.

Malam Habu:
Ka turo mini ni ma kafin ta tafi. In na ga layin da ya wuce rijiya da garka ya shiga ɗakin aure, zan ce a cire, Zainabu ta yi haƙuri. Batun fili kuwa, ƙanen mai garin nan na san mahaifinsu, mun yi karatu a tsangaya ɗaya. Zan je in same shi. Aro marar wa'adi husuma ce ake ajiye wa 'ya'ya, kuma Alƙur'ani da kansa ya ce in an ƙulla bashi a rubuta. Shekara nawa za a nema?

Hajiya Rabi Magarya:
Kuka ba ta girma a shekara biyar, Malam. Kada ka karɓi ƙasa da ashirin. In ya ƙi, a nemi wani fili tun ba a haƙa ba.

Mushe Laminu Gure:
Kuma ku rubuta wa zai gyara famfo ranar da motar furoje ta daina zuwa, don za ta daina.

Ibro:
To ga wurina nan. Sani, ka sa samari biyu a koya musu gyaran sola, sunana na farko.

Madam Hadiza:
Biyu ɗin, ɗaya mace.

Ibro:
Aunty, mace a kan tanki?

Madam Hadiza:
Wadda ta haƙa fako da goyo tanki zai gagare ta?

Sani Mirya:
Ku bari sai na tambaye su, na daina rubuta sunan mutum ba ya nan. Juma'a ake rufe karɓa. Malam, in ka shirya gobe bayan azahar, Ibro zai ɗauko ka daga Birni, ni zan jira ku a tashar Mirya da sakataren kofo. Man babur a kaina.